Ba Hutu Na Yi Ba, Korata Aka Yi

Kibiya, watan Yuli

Zuwa ga Yaya Isiyaku, Sabo, Shagamu.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Yaya Mu'minat da yara, da fatan ciwon gwiwar nan ya sassauta. Mu nan ƙalau muke. Malam maigidana yana gaishe ka. Ruwa ya zauna sosai, gero ya yi kyau, gyaɗar Durba ma sai godiya. 'Yarka Jannatu ta karɓo sakamakonta na kwalejin horon malamai, ta ci. Tunda kunnenka ya ƙi waya, ga takarda ta hannun Alu direba kamar yadda muka saba.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne, ƙungiyar malaman kimiyya ta yankinmu za ta yi bita a Rano a wannan dogon hutun, mako biyu, don sababbin malaman sakandare. An zaɓi mu uku mu jagoranta. Ni zan ɗauki lissafi. Malam Khalid zai ɗauki fiziks. Shi ne wanda ya daɗe yana gyaran injinan ban-ruwa kafin ya koma karatu, har yanzu in ya riƙe alli sai ka ce sifana ya riƙe. Sai Malama Kulu, wadda ta bar aikin jinya ta koma koyar da ilimin halittu, wai ta gaji da ganin mata suna zuwa asibiti da abin da ya kamata tun a aji a gaya musu. Jannatu ma tana cikin masu halarta.

Sai dai akwai magana. Shugaban kwamitin bitar ba kowa ba ne, Alhaji Ɗanmalam ne, mahaifin Tajuddeen da ke neman Jannatu, kuma tsohon shugaban makarantar da aka kore ni.

Shekaranjiya muka zauna da shi a Rano don shirya ranar buɗewa. Al'adar bitar ita ce a gabatar da kowane jagora da tarihin aikinsa, don yaran su san wanda zai tsaya a gabansu. Ya faɗi na Malam Khalid tiryan-tiryan, har da baƙin man gareji. Ya faɗi na Malama Kulu. Da ya zo kaina ya fara daidai: firamare a Durba, kwaleji, digiri ina aiki ina karatu, sai makarantar al'umma da shi ya shugabanta. Daga nan sai ya ce, "Malama ta ɗauki hutun shekara huɗu don kula da iyali, sannan ta dawo ta shiga sakandaren gwamnati."

Na ce, "Ranka ya daɗe, wane iyali?"

Duk wanda ke wurin ya san Allah bai ba ni haihuwa ba, kuma a lokacin Jannatu tana goye a bayan uwarta a Shagamu, ba ku ba ni riƙonta ba tukuna.

Ya yi murmushi ya ce, "Malama, magana ce ta rufin asiri. Mun kusa zama surukai."

Na tambaye shi asirin wa za a rufa, nawa ko nasa. Sai ya ce a ci gaba da tsarin abinci.

Yaya, ba izini nake nema ba. Sanar da kai nake yi don kada ka ji a bakin wani. In ya faɗi haka a gaban jama'a, zan miƙe in gyara.

Ƙanwarka,
Sadiqa

Shagamu, ƙarshen Yuli

Sadiqa,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta same mu lafiya. Gwiwa da sauƙi, sai in hadari ya haɗu, nan kuwa kin san hadari ba ya watsewa. Daushe ya kusa ƙarewa a rumfa, muna jiran sabon goro. Mu'minat tana gaishe ku. Ki gaida Malam. Ki ce wa Jannatu na ji daɗi ƙwarai, Allah ya yi mata albarka.

Na karanta takardarki, na sake karantawa, tuwo ya huce a gabana. Ke tun kina yarinya haka kike, in aka ce ki matsa sai ki ƙara zama daram. Amma yanzu ba ke kaɗai ba ce. Mutanen nan sun kawo gaisuwa da kaya, mun karɓa, saura sa rana bayan kaka. Yaron ba shi da abin kushewa, yana da aikinsa, yana da kunya, yarinya kuma tana sonsa. Ke da kanki kika rubuto mini haka bara.

Abin nan ya kai shekara ashirin. Kin koma aiki, kin yi suna, ga shi har an ɗauko ki ki koyar da malamai. Me ya rage ki rama? Shi kansa da ya yarda a sa ki cikin jagorori, ai ban haƙuri ne irin na manya. Ba zai buɗe baki ya furta ba, ki daina jira.

Ban ce ki yi ƙarya ba. Shi zai yi maganarsa, ke zama kawai za ki yi. Mu nan kasuwa kullum muna jin abin da ba haka yake ba, mu kau da kai, don gobe ma da mutumin za mu haɗu.

Tun da Baba ya rasu ni ne babba, kuma ban taɓa ce miki dole ba. Ko lokacin da aka kore ki na ce ki je ki ba da haƙuri kika ƙi, na ƙyale ki. Yau na ce dole. Ki yi shiru.

Yayanki,
Isiyaku

Kibiya, farkon Agusta

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Na ji daɗin sauƙin gwiwa. Ka rage hawa kan lodi, akwai masu ƙarfi a rumfa. Mu ma lafiya lau, sai marka da ta hana shanya bushewa. Katangar bayan gida ta ɗan zube, Malam ya sa an tare.

Ka ce zama kawai zan yi. Yaya, wancan karon ma zama kawai aka ce in yi. Ban taɓa ba ka labarin dalla-dalla ba don kana nesa, yau ka ji shi.

Ranar jarrabawar lissafi ce ta 'yan ajin ƙarshe. Alhaji ya kira ni ofis ya ce makarantar sabuwa ce, iyaye sun zuba ido, in yaran suka faɗi za a kwashe na baya. Ya ce an gama magana da mai sa ido, zai fita shan iska, ni dai in shiga in rubuta amsoshi a allo. Na ce ba zan yi ba. Ya ce to ba komai, in zauna a ofis, wani zai rubuta. Ban zauna ba. Na je na jingina bayana da allon, ban gusa ba har aka karɓi takardu. Wasu yaran suna kuka, wasu suna zagina ƙasa-ƙasa. Da yawa sun faɗi. Kafin a yi hutu an kore ni, wai rashin ɗa'a. Duk makarantar da na nufa sai in tarar labarina ya riga ni isa: ga mai taurin kan nan ta zo.

Shekarun da suka biyo baya ba hutu na yi ba. A rumfar Gwaggo Halima Sadiya a Durba na tara yaran da suka faɗi, waɗanda suka yarda su sake kallon fuskata. Da safe ina gonar gyaɗa, da yamma muna lissafi a jikin tsohuwar ƙofa da muka shafe da gawayi. Ba littafi, sai tsakuwa da kara da igiya. A nan na gane cewa yaron da ake kira daƙiƙi yawanci wanda aka wuce ne ba a waiwaye shi ba. A nan na koyi koyarwa, ba a kwaleji ba. Duk abin da zan kai Rano daga rumfar nan ya fito. In aka cire shekarun nan daga tarihina, da me zan tsaya a gaban mutane?

Sannan ka tuna wadda za ta zauna tana saurare. Jannatu ta san gaskiya. In ta ga an faɗi ƙarya a kaina na sunkuyar da kai, darasin farko da ta ɗauka a bitar ke nan, kuma da shi za ta yi aiki ranar da wani shugaba ya kira ta ofis.

Ba zan kira sunansa ba, wannan alkawari ne. Abin da ya same ni kawai zan faɗa. Amma shirun da ka ce dole, ka yafe mini, ba zan yi ba.

Ita kuwa Jannatu na riga na gaya mata ta zaɓa tun da wuri: ko ta zauna a wurina, ko ta koma wancan ɓangaren. Ba zan riƙe ta ba.

Ƙanwarka,
Sadiqa

Shagamu, Agusta

Sadiqa,

Salam. Muna lafiya. Ba zan tsawaita ba.

Ashe abin har ya kai ki ce wa yarinya ta zaɓa tsakaninki da gidan da za ta aura? Ko ta zauna wurinki ko ta koma wancan ɓangaren, ba za ki riƙe ta ba? Yarinyar da na raba da uwarta tana tatata na kai miki don ki daina kuka? Tun da na karanta wa Mu'minat take hawaye. Ta fara wata magana na hana ta ƙarasawa, amma ni zan ƙarasa: da ke kika haife ta, da ba ki yi wasa da aurenta don ki huce tsohon haushi ba.

In kin gaji da riƙo, ki sako ta a motar Alu. Ba na buƙatar doguwar amsa.

Isiyaku

Kibiya, farkon Satumba

Yaya Isiyaku,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya, kai da iyali. Mu lafiya. An fara cin sabuwar masara. Takardarka ta daɗe a hanya, motar Alu ce ta lalace a Mokwa, sai bayan an rufe bita ta iso. Ka ce ba ka son doguwar amsa. Ka yi haƙuri, doguwa ce.

Da na ce ta zaɓa, aji nake nufi, Yaya. An raba masu halarta gida uku, kowane jagora da ɓangarensa. Jannatu lissafi da fiziks ta karanta, tana iya zama a ajina ko a na Malam Khalid. Na ba ta zaɓi ne don kada idon Alhaji ya riƙa ganinta a gabana. Wancan ɓangaren ke nan. Maganar haihuwa kuwa, na karanta, na ninke takardar. Ban nuna wa Malam ba, ban nuna wa Jannatu ba, kuma ba zan amsa ta ba, yau ko gobe.

Ga abin da ya faru. Ranar buɗewa ɗakin taro ya cika, ga sababbin malamai, ga manyan baƙi a gaba. Alhaji ya gabatar da Malam Khalid aka yi dariya aka tafa. Ya gabatar da Malama Kulu aka tafa. Ya zo kaina, wallahi har na sa rai zai tsallake wurin kawai, da na ƙyale shi. Bai tsallake ba. Ya dube ni ya ce hutun kula da iyali.

Ban jira a miƙo mini makirfo ba, ka san muryar aji. Na miƙe na ce, "Gyara kaɗan, ranka ya daɗe. Ba hutu na yi ba, korata aka yi, don na hana a rubuta amsa a allo ranar jarrabawa. Shekarun nan a rumfa na yi su a Durba ina koyarwa. A sa su a tarihina, sun fi sauran."

Na zauna. Ba wanda ya tafa, ba wanda ya ko yi tari. Alhaji ya ce, "Mun gode, Malama," ya kira mai addu'a. Na cika alkawari, ban kira suna ba. Sai dai shi da bakinsa ya gama faɗin a ƙarƙashin wa na yi aiki kafin hutun nasa, waɗanda ke zaune kuwa malaman kimiyya ne, sun iya lissafi.

Da na shiga aji na tarar da Jannatu a bencin gaba. Na zo da igiya da tsakuwata, amma kafin in fara wani sabon malami daga wajen Rurum ya ɗaga hannu ya ce, "Malama, mu fa an riga an gaya mana haka ake yi. In na ƙi, ni kaɗai ne, ga iyaye sun zuba mini ido. Yaya zan yi?"

Ban yi masa daɗin baki ba. Na ce ana iya korarsa, kuma ba wanda zai biyo shi da lambar yabo. Na ce abin da na sani shi ne, malamin da ya koyar da gaske tun farkon zango, tsoronsa ranar jarrabawa kaɗan ne, kuma abin da ya tara mu ke nan. Na ce su tashi mu fita fili. Muka auna tsayin dalbejiyar makarantar da inuwarta, ba wanda ya hau. Mako guda muka yi a haka, ban taɓa jin daɗin aji irin wannan ba.

Ranar Juma'a aka aiko mini cewa kwamiti ya sauƙaƙa mini nauyi, wani zai ɗauki mako na biyu. Malam Khalid ya ce shi ma zai ajiye. Na hana shi, yaran ba su yi laifin komai ba. Sai ya ɓullo da tasa dabarar. Kullum zai rubuta lissafi a allo, ya tsaya yana sosa ƙeya, ya ce, "Ni bakanike ne, na kakare. A kira mini Malama Sadiqa." Ni kuwa ina zaune a gindin dalbejiya da jakata. Haka na yi mako na biyu, 'yan ajina suna leƙe ta taga. Alhaji ya gan mu, ya wuce abinsa.

Malama Kulu ce ba ta raga mini ba. Ta ce na yi daidai, amma ba ni zan biya ba, yarinya ce za ta biya.

Jannatu ba ta yi mini magana a mota ba ranar farko. Sai da muka shiga gida ta ce, "Gwaggo, da kin yi shiru da na ji kunya. Amma da kin yi shiru da yanzu ba na jin tsoro." Tajuddeen bai sake zuwa zance ba tun ranar.

Ba zan sako ta a motar Alu ba, sai in kai ne ka zo ka ɗauke ta da hannunka.

Ƙanwarka,
Sadiqa

Shagamu, Satumba

Sadiqa,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, sabon goro ya fara shigowa, aiki ya yi yawa. Mu'minat ta yi zazzaɓi amma ta miƙe. Ki gaida Malam da Jannatu.

Maganar aji na gane. Ɗaya maganar kuma, hannuna ne ya riga hankalina. Ki bar ta a inda kika ninke ta.

Ba zan ɓoye miki ba, wurin bakaniken nan na yi dariya har maƙwabcin rumfata ya leƙo. Amma dariyar ba ta daɗe ba. Ƙanin Alhaji ya aiko mini da saƙo ta bakin wani mutumin Rano da ke saro goro a nan. Sun ce ba su janye ba. Sai dai ba za a sa rana ba sai kin je gidansa kin ba shi haƙuri a gaban 'yan'uwansa. Ba a bainar jama'a ba, a falonsa.

Ki saurare ni da kyau. Kin faɗi gaskiyarki, duniya ta ji, ba mai iya mayar da ita ciki. Kin yi nasara. Abin da ya rage kalma ce, "a yi haƙuri." Ko wanda aka taka a kasuwa yana faɗinta don a wuce wurin. Ba wanda ya ce ki ce ƙarya kika yi. Dattijo ne, an kunyata shi a gaban yaran da ya haifi kamarsu, yana neman abin da zai rufe fuskarsa.

Wannan karon ban ce dole ba, na ga dolen ba ta aiki a kanki. Roƙo nake yi. Ba don shi ba, ba don ni ba, don yarinyar da ta zauna miki a bencin gaba.

Yayanki,
Isiyaku

Kibiya, ƙarshen Satumba

Yaya,

Assalamu alaikum. Allah ya ƙara wa Yaya Mu'minat lafiya. Mu ƙalau, an fara yankan gero, makarantu sun kusa komawa.

Roƙonka ya fi dolenka nauyi. Na kwana biyu ina juya shi, har na yanke zan je. Na tsara abin da zan ce: a yi haƙuri da kunyar da aka ji, ban da abin da na faɗa. Na gaya wa Malam ya ce zai raka ni Rano.

Kafin mu tafi sai ga Tajuddeen ya zo. Jannatu ta fita zaure da murnarta, ta dawo fuska ba daɗi. Ashe sharaɗin ba ɗaya ba ne, biyu ne, na biyun ne ba a aiko maka ba. Alhaji ya ce matar ɗansa ba za ta koyar ba. Wai ya ga irin tarbiyyar da aka yi mata, ba zai bari a kawo masa ita cikin gida da alli a hannu ba.

Na tambaye ta me ta ce. Ta ce ta tambaye shi, "Kai me ka ce?" Ya ce a bi a hankali, in an yi auren zai lallaɓa Alhaji. Ta ce masa, "In ba ka iya gaya masa yanzu da nake gidanmu ba, ba za ka iya ba ranar da nake gidanku." Ya yi ta wasa da makullin babur, can ya ce zai dawo.

Yaya, kada ka ɗauka ba ta sonsa. Tana sonsa. Abinci sai na tsaya a kanta, in na shiga ɗaki sai ta juya fuska bango. Ban ce mata ta ƙi shi ba, ban ce ta bi shi ba, kuma Allah ya sani ganinta a haka ya fi mini korar ciwo. An tura ta sakandare a Zurgu. Jiya na same ta tana yanka kwali tana yin kusurwoyi don darasin farko, hawaye yana ɗiga a kan kwalin.

Na fasa zuwa. Haƙurin da za a karɓa daga bakina a haɗa da allin 'yata, ba ni da shi. Kayansu suna nan a ɗakina, ba a taɓa komai ba. Kai ne uba, abin da ka ce a yi da su shi za a yi.

Ƙanwarka,
Sadiqa

Shagamu, Oktoba

Sadiqa,

Wa alaikumus salam. Lafiya muke, sai ɓacin rai.

Ba su aiko mini da sharaɗi na biyu ba don sun san amsar. Ni ban wuce firamare ba. Wannan gwiwar da kike tambaya kullum, a ƙarƙashin huhun goro ta lalace, kuma da ita aka yi karatun yarinyar nan tun daga aji ɗaya. Yanzu wani zai zauna a falonsa ya ce a naɗe shi a sa a ƙarƙashin gado? Ni na ce ki yi shiru, na ce ki ba da haƙuri, don na ɗauka mutuncinsa yake nema. Ashe so yake ya kore ku ku biyu.

Ban yanke ni kaɗai ba. Na sa Mu'minat ta kira Jannatu a waya ta tambaye ta abin da take so tsakaninta da Allah. Ta yi kuka mai yawa, sannan ta ce Zurgu.

Na tare mutumin Ranon nan a kasuwa na ce ya gaya musu Isiyaku ya ji, amsa tana tafe. Sun ce suna so ki je gidansu. To, ki je. Ki ɗauki Malam, ki ɗauki kayansu, ko tsinke kada a bari. Yaron kuma in yana da bakin kansa, ya san hanyar Shagamu, zan saurare shi. In ba shi da shi, Allah ya haɗa kowa da rabonsa.

Yayanki,
Isiyaku

Kibiya, Oktoba

Yaya,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, da fatan kuna haka. Jannatu ta fara aiki. An ba ta 'yan aji ɗaya, ta ce surutunsu ya fi na kasuwa. Ta fara cin abinci. Tajuddeen bai dawo ba tukuna, ita kuma ba ta tambaya ba.

Mun je Rano ni da Malam. Da aka yi mana iso muka tarar Alhaji ya tara ƙannensa, an shimfiɗa mini darduma a tsakiyar falo, kowa ya gyara zama. Na durƙusa na gaishe su ɗaya bayan ɗaya yadda ya kamata. Sannan Malam ya fita ya shigo da akwatunan, ya jera su a kan dardumar, ya isar da saƙonka.

Alhaji ya daɗe yana kallon kayan. Can ya ɗago ya ce, "Malama, har yanzu ba ki canja ba."

Na ce, "Kai ma haka, ranka ya daɗe."

Muka yi sallama muka fito. Ka gaida Yaya Mu'minat.

Ƙanwarka,
Sadiqa